Ƙaramar Tukunyar Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi kuma Gwaggo ta riga mu komawa. Ta cika da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke unguwar Badariya, bayan 'yar jinyar da ko kwantar da ita sosai ba ta yi ba. Yayar mahaifinmu ce, ita ta riƙe ni da ƙanena tun muna ƙanana. A Birnin Kebbi kuwa, duk wanda ya saba cin shinkafar biki ko ta suna, da wuya a ce bai taɓa cin ta hannunta ba.

Kafin a gama suturta ta gida ya cika har zaure. Matan da suka daɗe suna tuƙa mata tuwo suka zube a tsakar gida suna kuka. Ɗaya ta share hawaye da bakin zane ta ce, "To yanzu wa ka yi muna hwaɗan ludayi?" Sai kukan ya koma dariya, dariyar ta sake komawa kuka. Mai kawo mata albasa ya taso tun daga Augie a kan babur, ya zo ƙofar gida ya kasa shigowa. Mai yaji na kasuwa, wanda suka daɗe ba sa magana da ita, shi ya fi kowa rusa kuka a zaure, har maza suka riƙa ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa mutuwa. Wata mata da ba mu san ta ba ta riƙe hannuna ta ce ita gyaɗa ce ba ta karɓe ta ba, kuma in ta je biki ruwa kawai take sha ta dawo, sai fa in an ce mata girkin Hajiya ne.

Mutum ɗaya ce ban ga hawayenta ba, matar ƙanena, wadda har yau muke kira Amarya duk da ta daɗe da zama uwa. Tana zaune a bakin madafa, hannayenta a kan cinya, idonta a bushe. Ni na san abin da ta rasa. Mu uwa muka rasa. Ita ta rasa uwa, ta kuma rasa mutumin da ke tsaye tsakaninta da kifi. Kifi ba ƙyamarsa Amarya take yi ba, kashe ta yake iya yi: loma ɗaya ta isa ta kumbura mata leɓe da maƙogwaro har numfashi ya gagara. Mu kuwa jinin masunta ne daga Argungu, ga dangi cike da motoci suna tafe zaman makoki, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya sani.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Gwaggo. Amma da kunya nake rubutawa, kuma kunyar ba ƙarama ba ce.

Aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma bai yi tsawon rai ba, sai ta kama murhu. Ta fara da tuwon sayarwa a ƙofar gida, ta kai ga girkin biki da suna da tarukan ofisoshi, har ta zama mai manyan tukwane da kuloli da mata masu aiki a ƙarƙashinta. Ni ce mai ɗaukar waya da zuwa kasuwa, don haka babu mai ba ni labarin halinta. Doguwa ce, mai murya, kuma ba ta iya raɗa ba. In ta ce za ta gaya maki wani sirri, to har maƙwabta sun ji.

Duk wanda ya zo ba da aiki, kafin a yi maganar shinkafa ko nama, tambaya ɗaya take fara yi masa: "Cikin baƙinku akwai wanda jikinai bai son wani abu? Gyaɗa, kihi, ƙwai, madara, riɗi?" Mutane su yi ta dariya. Na tuna wata uwar amarya da ta riƙe baki ta ce, "Haba Hajiya, biki za mu yi ko asibiti za mu buɗe?" Gwaggo ta ce, "Ki tahi ki tambayo. Ni ka dahwawa, in wani ya hwaɗi ni za a nuna." Sau da yawa sai an dawo ana sosa ƙeya, ana cewa ashe kuwa akwai wata ƙanwar ango da ke yin borin jini in ta ci ƙwai, ba a dai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba.

Tambayar tana da asali. Tun tana sabuwar shiga sana'a aka kai ta girkin wani biki a Augie. Wata ƙawar amarya ta ci tuwo da miyar taushe, kafin a kwashe kwanuka fuskarta ta kumbura, ta faɗi tana kakari. Nan take gari ya ɗauka an yi sammu, an ba mai abinci wani abu ta zuba. Aka zaunar da Gwaggo a wani ɗaki, mata na leƙo ta ta taga, har sai da yarinyar ta farfaɗo a asibitin garin. Ma'aikaciyar da ta duba ta ce ta gano gyaɗar da ke cikin miyar ce, kuma ashe ba ranar ta fara yi mata haka ba. Amma wannan bayani bai yi tafiyar da maganar sammu ta yi ba. Kakar waccan shekarar, lokacin da kowa ke aurar da 'ya'ya bayan an yanke shinkafa, babu wanda ya kira Gwaggo ko dafa ruwan zafi. Ba ta cika son ba da labarin ba. In ta bayar, da magana ɗaya take rufewa: "Ban sa mata komi ba, amma hannuna na ya kai mata."

Tun daga nan madafarta ta zama gidan dokoki. Man da aka soya kifi a ciki ba ya ganin ƙosai, ba ya ganin nama, ko da kuwa ya fi zuma kyau. Turmin daka gyaɗa daban yake, da taɓaryarsa. Ludayin miyar da ba gyaɗa an shafa wa ƙotarsa jan fenti, kuma wadda ta tsoma shi a wata tukunya, ranar sai ta gwammace ba ta zo aiki ba. In an zuba abinci a robobi, na masu lalura ita da kanta take rufewa, ta yi musu alama a murfi, ta sa su a kularsu daban, ta kuma ce sai an damƙa wa mai shi hannu da hannu. Mu masu wanke-wanke mun sha wuya. Nakan ce mata, "Gwaggo, wannan ludayin na wanke shi har ya fara ramewa." Sai ta ce, "Ƙara wanke shi, ke ma ki rame." Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa tsame gutsuren kifi daga miya ta jefar, ta ce ai shi ke nan ta zama marar kifi. Gwaggo ba ta yi faɗa ba ranar, abin da ya fi faɗan tsorata mu. Ta sa yarinyar ta zuba miyar a kwano ta shinshina, ta ce mata, "Kin hidda kihi, kin bar ruwanai."

Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya bayan ranta. Tana da zafi, kuma in ta yi fushi ba ta duba wurin da take. Mai yajin nan da na ambata, shekara da shekaru a wurinsa take saye. Wata rana aka ba mu aikin suna, aka ce maijegon ba ta shiri da gyaɗa. Gwaggo ta tambaye shi ko akwai ƙuli-ƙuli a yajin, ya rantse babu. Muka zo gida, ta buɗe leda ta ɗanɗana, ta ji ƙuli a ciki, ta ɗaura gyale. Na bi ta a baya ina roƙo. A tsakiyar kasuwa ta dire masa ledar. Ya ce shi bai zuba ba, sai dai in abin da ya rage a injin niƙa ne, don an niƙa ƙuli kafin nasa.

"To don mi ka rantse?"

"Haba Hajiya, ɗan abin da ya maƙale ga inji? Ke kaɗai ta mai tsoron Allah cikin kasuwag ga?"

"Da ka ce mani ba ka sani ba, da na yahe ma. Rantsuwa ka yi bisa abin da ba ka gani ba!"

Ta faɗi haka da ƙarfin da har masu tumatir suka miƙe tsaye. Dattijo ne mai iyali, kuma ta kunyata shi a gaban maƙwabtan rumfarsa. Ta yi daidai a kan yajin, ba ta yi daidai a kan mutumin ba, kuma ta san haka, don ko da ba su sake magana ba, duk sallah sai ta sa na kai wa iyalinsa abinci. Ranar rasuwarta, da ya samu kukan ya lafa, ya ce mini har yau in mai saye ya tambaye shi abin da ke cikin yaji, muryarta yake ji kafin ya amsa.

Wannan matar da ba ta iya raɗa ba, ita ce kuma ta riƙe sirri guda har kabari.

Ana gab da bikin ƙanena, mahaifiyar Amarya ta zo daga Gwadangaji ta shige ɗaki da Gwaggo. Abin da ta gaya mata shi ne maganar kifi. Ranar da Amarya ta tare, na ga wata ƙaramar tukunya sabuwa a kan murhun gefe, da ludayinta, da kwanonta. Tun daga ranar, in an ɗora babbar tukunyar gida da busasshen kifinta, sai an ɗora ƙaramar a gefe, kuma babu mai taɓa ta sai Gwaggo. Suyar kifi ma ta koma can bayan gida, don ko hayaƙin yakan sa idon yarinyar ya yi ja. Macen da ta tashi tana cin kifi safe da yamma, sai ga ta tana wanke hannu da sabulu kafin ta shafa kan suruka. Amarya marar magana ce, mai yawan sunkuyar da kai. Na sha ganinsu su biyu a bakin murhu, Gwaggo tana zuba surutu, ita tana murmushi tana yanka alayyahu.

Matsalar ita ce mutanen Argungu. Babbar yayarsu Gwaggo tana can, muna kiranta Inna ta Argungu, tsohuwa mai ƙarfi da baki, wadda a wurinta miyar da ba kifi ruwan wanke kwano ce. Ba ta zuwa hannu sake, kullum da tukunyar miya ko ƙunshin kifi. Duk zuwanta sai Gwaggo ta ƙirƙiro dabara. Yau Amarya tana ramuwar azumi. Gobe cikinta ne ke ciwo. Wata rana a aike ta maƙwabta karɓo abin da babu shi, ta zauna can har a kwashe kwanuka. Gwaggo ta ƙware a wannan ƙarya har ni kaina wani lokaci nakan yarda.

Na taɓa tambayarta. Na ce, "Gwaggo, ke da kike tsare baƙo da tambaya a gaban kowa, me ya hana ki gaya wa Inna gaskiya?"

Ta ce, "Baƙo biki ɗai za shi ci shi tahi. Ita ko zama ta zo yi. In mutanenmu sunka ji, har ta tsuhwa sunanta wadda kihi ya ƙi. A gidan masunta! Yarinya mai kunya hakanga, kashe ta za su yi da ba'a." Ta juya miya ta ƙara da cewa, "Ai ina nan."

Na yarda da ita, don ta saba yin gaskiya, kuma don yardar ta fi sauƙi. Ƙanena ma haka. Mu uku muka sani, biyu daga cikinmu kuma mun jingina ne kawai da ta ukun.

Ranar sadakar uku na tashi da niyyar kada a ce madafar Gwaggo ta mutu tare da ita. Muka dafa shinkafa mai yawa don masu zuwa addu'a. Na sa aka fita waje aka tambayi maza ko akwai mai lalura, aka samu wani malami da ba ya cin ƙwai, na rufe robarsa da hannuna na yi mata alama. Matan aiki suna ta cewa Hajiya ta bar magajiya. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ƙaramar tukunyar kuwa tun ranar rasuwa ba wanda ya ɗora ta. Ban ma lura ba. Daga baya na ji cewa Amarya burodi da shayi take ta ci a ɗakinta, don a gidan makoki abinci daga kowane gida yake shigowa, kwano ya haɗu da kwano, ludayi ɗaya ya zaga tukunya goma, ba mai sanin abin da ke cikin wanne.

Bayan azahar, an shafa addu'a, mata sun cika ɗakin Gwaggo. Inna ta Argungu tana zaune a tsakiya, gabanta tuwon shinkafa da miyar kuka da ta sa aka yo daga gida, irin wadda ake daka busasshen kifi ya zama gari a zuba, ba a ganinsa sai dai a ji. Amarya ta shigo da ruwa, ta durƙusa ta ajiye. Inna ta kama hannunta.

"Ke ɗiyag ga, tun da munka zo ban ga kin kai loma ga baki ba. Na san ke ta hi so. Zamna nan ki ci da ni. Ba ni son gardama, yau ba azumi."

Duk wanda ya san gidajenmu ya san girman wannan. Babbar suruka ta kira ki cikin kwanonta, a gaban dangi, a ranar makoki. Mata suka ce, "Ayya, ci mana, Inna ta girmama ki."

Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ƙamshin kifin ya iso ni tun daga can. Amarya ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta taɓa dubana ido cikin ido haka ba tun da ta zo gidanmu.

Abin da na yi shi ne na shiga neman ƙarya. Na ce a raina in ce ana kiranta a waje, sai na tuna yanzu ta shigo daga wajen. In ce cikinta, ai an ga tana aiki tun safe. Ina ta laluben irin dabarar Gwaggo, alhali gaskiya tana nan a kan harshena, gajeriya, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi ɗakin cike da gwaggonni da innoni, na ji nauyin in buɗe baki in ce miyar Inna za ta yi kisa. Kafin in gama shawara da kaina, Amarya ta sunkuyar da kai, ta yi bisimilla, ta gutsuri tuwo.

Ba ta kai loma ta uku ba. Ta fara sosa wuya, ta yi tari, leɓenta ya tashi muna kallo. Sai a lokacin na yar da tiren na yi ihu, "Kifi ne! Kifi na kashe ta!" Maganar da ta gagare ni a hankali, ga ta ta fito da ƙarfi bayan ba ta da amfani. Ƙanena ya shigo da gudu ya sungume ta, aka tare keke napep, muka nufi asibiti tana jan numfashi kamar ana shaƙe ta, kanta a kan cinyata.

Allah ya sa da sauran kwananta. Aka yi mata allura, aka sa mata abin numfashi, kumburin ya fara sauka. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi, kuma na gaba yana iya fin wannan sauri. Da ta iya magana, abin da ta fara cewa da kumburarren bakinta shi ne, "Yaya, ki ba Inna haƙuri, na ɓata sadaka." Na fita waje, don ban iya tsayawa a gabanta ba.

A barandar na tarar da Inna ta Argungu zaune a ƙasa, ba takalmi, ɗankwalinta ya zame. Tsohuwar da muka yi shekaru muna tsoron bakinta. Ta dube ni ta ce, "Da hannuna ni ba ta. Da hannuna! Kun ɗauke ni mahaukaciya? Da kun gaya mani, mi za ni yi? Ba'a za ni yi mata kwana biyu in gaji, in riƙa yo mata tata miya daban." Ta fashe da kuka, tana kiran sunan ƙanwarta da ke kabari, tana tambayarta don me. Wadda ke da amsar kuwa ta tafi.

Da la'asar mahaifin Amarya ya iso daga Gwadangaji. Tela ne, dattijo mai sanyin murya. Bai fara da maganar 'yarsa ba. Sai da ya yi mana ta'aziyya cikakkiya, ya yi wa Gwaggo addu'a mai tsawo, muna amsawa kanmu a ƙasa. Ya shiga ya duba 'yarsa, ya fito, ya tsaya a gabana da ƙanena.

"Lokacin da ƙanenki ya zo neman aure, masu nema na da yawa," in ji shi. "Gaskiya ni ba shi na duba ba. Hajiya na duba. Na ce duk garin ga, gidanta ɗai na ɗiyata za ta ci ta ƙoshi ba tsoro." Ya gyara hularsa. "Ba ni da hushi da kowa. In an sallame ta za ni tahi da ita gida ta huta. Ranar da kunka samu mai iya buɗe baki cikinku, ku zo ku ɗauke ta."

Ya yi mana sallama cikin mutunci, har da cewa a gaida mutanen gida.

Ya Allah ka jiƙan Gwaggo, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da kowace loma da wani ya ci daga hannunta hankali kwance. Ka yafe mata abin da ta ɓoye don tausayi, mu kuma ka yafe mana abin da muka ɓoye don tsoro. An yi sadakar arba'in, dangi sun watse, madafa ta koma aiki. Amarya tana Gwadangaji har yanzu.